MALDI-TOF da ƙwayoyin madara da cuku: me ke rage maki, kuma me na'urar ba ta iya faɗi?

Rakiya_Tawa

Assalamu alaikum malamaina da ƴan'uwa ma'aikatan labo. Ina binciken digiri na uku kan ƙwayoyin bakteriya da yis da ke cikin ɗanyar madara, nono da cukun da ake sayarwa a kasuwannin Tawa da Abalak. Shukawa da warewa a nan Tawa ake yi, a kan jeloz, wato abincin da ake shuka ƙwayoyi a kai, irin su MacConkey, Hektoen, Baird-Parker da MRS. Don tantance suna, muna rufe farantan Petri mu sa cikin akwatin sanyi, mota ta kai su Yamai, daga can abokan aikinmu su isar da su labon da ke da na'urar MALDI-TOF ta kamfanin Bruker, wadda ke gane ƙwaya ta hanyar auna nauyin furotin ɗinta. Kafin a taɓa su, farantan sukan kwana da yawa cikin firigo.

Ga abin da ke damuna. Na'urar tana ba kowane samfuri maki gwargwadon kamanninsa da ƙwayoyin da ke cikin rumbun bayananta. Ƙwayoyin Gram negatif galibi makinsu na haura 2.0. Amma waɗanda suka fito daga MRS, da yis, da wasu Staphylococcus, suna tsayawa tsakanin 1.4 da 1.8, wasu ma a rubuta mana cewa ba a samu pik, wato tsinin da furotin ke yi a zanen sakamako, ko ɗaya ba. Daga ina matsalar take, daga wajenmu ko daga na'urar? Wace hanya ce ta fi dacewa da aikewa a wannan zafin? Sannan takardar sakamako ta fito da sunan nau'in Salmonella a gefen wasu samfura. Zan iya rubuta shi haka a cikin kundina? Wani ya ce mini tunda akwai MALDI ba sai na yi PCR (gwajin DNA) ko gwajin juriyar magani ba. Allah ya saka da alheri.

Isufu_Mikrobiyo

Wa alaikumussalam ƙanwata. Yadda kika bayyana, kusan duk matsalar ta faru tun kafin samfurin ya shiga na'ura.

Ki fara da sanin abin da take aunawa. Ana shafa ƙwayar a kan farantin ƙarfe, a ɗiga mata matiris (sinadarin da ke shan hasken lesa), hasken lesa ya bugi busasshen ɗigon, furotin su tashi ɗauke da caji, a tunkuɗa su da ƙarfin lantarki na wajen volt dubu 20 cikin bututun da aka zuƙe iskarsa. Marasa nauyi ne ke riga isa ƙarshen bututun. Daga lokacin isowar kowanne ake lissafa nauyinsa, tsakanin dalton dubu 2 da dubu 20, kuma mafi yawan abin da ke fitowa a wannan tazarar furotin ɗin ribosom ne. To ribosom yana da yawa ne a ƙwayar da ke cikin ganiyar girma. Koloni mai awa 18 zuwa 24 shi ne daidai. Wanda ya yi kwanaki a firigo furotin ɗinsa sun fara lalacewa, pik ɗin su gajarta, hayaniyar ƙasan sifektir, wato zanen pik ɗin gaba ɗaya, ta ƙaru. E. coli da Klebsiella suna jure wannan saboda bangonsu mai laushi ne, matiris kaɗai na fasa shi. Lactobacillus da Staphylococcus da yis bangonsu mai kauri ne, ga tsufa kuma ya hau kai. Shi ya sa kika ga bambancin ya bi layin Gram.

Idan har farantan za ki ci gaba da aikawa, ki roƙi masu karɓa su sake shuka kowane koloni a kan jeloz ɗin da ba ya zaɓe, na jini ko TSA, ƙwayoyin da ke sa nono tsami kuma a kan sabon MRS, su jira washegari. Kada a ɗauka kai tsaye daga Hektoen ko Baird-Parker. Gishirin bile da rini da telurit ɗin da ke baƙanta koloni duk suna danne siginal. Kuma lokacin ɗauka kada tsinken ya kwarzo jeloz.

Shafawar ma akwai ƙa'ida. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba ƙwaya da yawa, mutum yana ganin hakan zai ƙara maki. Da tsinken sakace ake taɓa koloni guda, a shafa kamar mai shafa man kaɗanya a fata, har ƙarfen yana ɗan bayyana ta ƙasa. Idan ya yi tudu, matiris ba ya ratsa shi, lesa ta yi ta bugun saman banza. Ga Gram pozitif da yis, bayan shafawa a ɗiga mikrolita 1 na asid formik mai kashi 70, a bari ya bushe sarai, sannan mikrolita 1 na matiris HCCA. In aka ɗora matiris kan jiƙaƙƙen asid, ƙanƙarar da ke fitowa ba ta daidaita.

Amma shawarata ki daina aika farantai don wannan aikin, ki yi rabin shirin a Tawa. Ki zuba mikrolita 300 na tsabtataccen ruwa cikin tub na mililita 1.5, ki narkar da koloni ɗaya babba ko ƴan ƙanana na ƙwaya guda a ciki har ruwan ya yi gauraye, ki ƙara mikrolita 900 na etanol zalla, ki girgiza sosai. Kin samu etanol mai kashi 75 ke nan, furotin sun tsaya yadda suke a ranar da ƙwayar take sabuwa. Wannan tub ɗin yana jure tafiyar kilomita sama da 500 ba tare da ƙanƙara mai yawa ba, in ya isa a ajiye shi a −20. Ki naɗe murfin da parafilm, ki rubuta lamba da fensir a takardar manne, don etanol na wanke tawadar maka.

Su kuma a can: juyi a santirifuj minti 2 a wajen zagaye dubu 13, a zubar da ruwan sama, a sake juyawa a tsotse ragowar etanol da pipet, a bar dunƙulen gindi ya sha iska ƴan mintoci. Sai asid formik mai kashi 70, mikrolita 25 zuwa 50 gwargwadon girman dunƙulen, a motsa har ya narke, a ƙara asetonitril daidai da yawan asid ɗin, a sake juyi minti 2. Mikrolita 1 na ruwan sama ake ɗigawa a faranti, ya bushe, a rufe shi da matiris ba tare da ɓata lokaci ba. Ragowar etanol a cikin dunƙule yana tsinka asid ɗin ya hana shi fasa bango, nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Kowane samfuri a yi masa ɗigo biyu.

Game da maki: 2.00 zuwa sama an amince da jinsi, 1.70 zuwa 1.99 dangi kawai, ƙasa da 1.70 babu suna. Ki riƙa neman jerin goma na farko da na'urar ke fitarwa, kada ki tsaya a layin farko. In na ɗaya da na biyu jinsi daban ne kuma makinsu ya yi kusa, ko dai koloninki gauraye ne, ko kuma jinsunan ne na'urar ba ta rabawa.

Dokta Hawwa

Malam Isufu ya gama da batun shiri. Ni zan taɓo tambayarki ta uku, amma kafin nan akwai abin da ya fi maki muhimmanci, tunda ɗanyar madarar shanu da awaki da raƙuma kike taɓawa.

Brucella tana cikin madarar dabbobin da ke ɓari, kuma tana daga cikin ƙwayoyin da suka fi kama ma'aikatan labo, ta numfashi, lokacin da ake buɗe faranti ko girgiza tub. Rumbun bayanan da ake amfani da shi yau da kullum a na'urori da yawa bai ƙunshi ƙwayoyi masu babban haɗari ba, rumbunsu daban ake saye. Saboda haka na'urar tana iya cewa ba ta gane ba, ko ta ba da sunan ƴar'uwarta Ochrobactrum da ƙaramin maki. A 2020 ma an mayar da Ochrobactrum cikin dangin Brucella, don haka sabon rumbu na iya rubuta Brucella anthropi, wanda ba shi ne mai kawo zazzaɓin ba. Kowane ɓangare akwai ruɗani. Ƙa'idar ita ce tun a benci: ƙananan koloni da ba su fito ba sai bayan kwana biyu ko uku, ba su tsiro a MacConkey ba, Gram negatif ƴan mitsi-mitsi, oksidaz pozitif, ureyaz ta juya da sauri, to ki rufe farantin ki manne shi, kada ki shafa shi a kan komai, ki kira labon da ke da ɗakin kariya mataki na uku. Haka kuma babban koloni busasshe na Bacillus da bai fasa jini ba kuma ba ya motsi. Etanol ba ya kashe sifo, wato ƙwayar da ta lulluɓe kanta da ɓawo mai tauri, na Bacillus anthracis, kuma MALDI ba ta raba shi da Bacillus cereus yadda za a dogara. Yankinmu na kiwo ne, wannan ba zancen littafi ba ne.

Yanzu Salmonella. Sunan da kika gani a gefe sunan ƙwayar da aka ajiye a rumbu ne, wadda sifektir ɗinta ya fi kama da naki. Nau'o'in Salmonella sun haura 2,500, bambancinsu yana kan antijen O da H na bayan ƙwaya, alhali furotin ɗin ribosom ɗinsu kusan ɗaya ne. Abin da za ki rubuta shi ne Salmonella spp. Nau'i kuma sai an yi gwajin haɗuwa da serum na O da H da Vi, ko an karanta jinom. In kin ga Typhi a takarda daga madarar saniya, ki ƙara shakka, don Typhi ɗan Adam kaɗai take zama. In da gaske ita ce, daga hannun mai tatsa ko ruwan wanke ƙwarya ta shiga, kuma wannan magana ce da ba a faɗa sai da hujja.

E. coli da Shigella na'urar ba ta raba su. Duk E. coli ɗin da ba ta ci laktoz ba kuma ba ta motsi, ki koma mata da gwajin lizin da indol da serum. Kuma sunan E. coli kaɗai bai ce komai ba game da haɗari: mai dafin Shiga sai PCR na stx1 da stx2 da eae. Staphylococcus aureus ma haka, abin da ke sa amai bayan an ci cuku shi ne dafin da ta zuba, wanda dafuwa ba ta kashe shi, kuma ƙwayoyin halittarsa, sea zuwa see, PCR ke nuna su. Listeria kuwa, raba monocytogenes da innocua yana buƙatar cikakken shirin tub ɗin da aka bayyana, sannan ki tabbatar da fasa jini da ramnoz.

Wannan iyakar ta shafi asibiti ma. A annobar sanƙarau ta 2015, abin da hukumomin lafiya suke buƙata shi ne sanin cewa rukunin C ne, ba A ɗin da rigakafin MenAfriVac na 2010 ya yi wa magani ba. MALDI za ta ce Neisseria meningitidis ta tsaya nan. Rukuni sai latis ko PCR, irin aikin da cibiyar binciken lafiya ta CERMES ke yi a Yamai. Kwalara ma sai serum na O1 da O139, mashaƙo kuma sai an nemi ƙwayar halittar tox an yi gwajin Elek. Wanda ya ce miki ba sai PCR ba, ki tambaye shi wace tambaya kundin yake son amsawa.

Rakiya_Tawa

Na gode ƙwarai Malam Isufu, na gode Dokta. Zan koma tub na etanol. Abu biyu suka rage mini. In na kashe ƙwayoyin da etanol, me zan yi idan daga baya aka buƙaci a sake gwaji? Kuma masu tsamin nono, ko da an yi shirin da kyau, akwai waɗanda nake zargin ba sa cikin rumbun gaba ɗaya.

Mamman Sani

Malama Rakiya, ta farko amsarta a hannunki take: ba a aika tub na etanol sai an ajiye tagwayensa da rai. Daga farantin da kika ɗebi na etanol, ki ɗebi wani ki sa a romon BHI ko MRS mai giliserol kashi 15 zuwa 20, tub biyu kowace ƙwaya, lamba ɗaya da ta etanol. A −80 yana shekaru. A −20 watanni ne kawai, kuma duk ɗaukewar wutar da ta sa ya narke ya sake daskarewa tana rage masu rai, don haka ki sa tub ɗin a tsakiyar kwanjilatar, ki kewaye su da robobin ƙanƙara, ba a jikin ƙofa ba. Enterobakteriya suna zama a jeloz ɗin ajiya da aka soka da allura, a rufe a zafin ɗaki. In kuma dole a aika mai rai, a yi kunshi uku: tub rufaffe, gwangwani mai auduga da ba ya yoyo, sannan kwali mai alamar UN3373. Faranti cikin akwatin sanyi a bayan motar fasinja, kusa da kayan mutane, bai dace ba.

Sai dai ban yarda a wanke na'urar daga laifi gaba ɗaya ba kamar yadda Malam Isufu ya yi. Aikina gyara da kula da irin waɗannan injuna ne, kuma akwai abubuwan da ya kamata ki tambayi masu ita. A kowane faranti dole a sami ɗigon BTS, wato furotin ɗin E. coli da aka ƙara wa RNase A da miyoglobin don su rufe tazarar nauyin har wajen dalton dubu 17. Da shi ake saita ma'auni. In saitin ya goce, duk pik ɗin suna nan amma sun matsa gefe, maki ya sauka a kowane samfuri. Ki nemi makin BTS na ranar. Ya kamata ya fito E. coli sama da 2.0. Ki nemi kuma ɗigon matiris zalla, wanda bai kamata ya ba da suna ba. In ya ba da, farantin bai wanku ba. Wankin farantin ƙarfe: etanol mai kashi 70 minti 5, ɗauraya, a goge kowane gurbi da mikrolita 100 na asid ɗin TFA mai kashi 80 a ƙarƙashin hot mai zuƙar iska, a sake ɗaurayewa da tsabtataccen ruwa, ya bushe aƙalla minti 15.

Zafinmu yana cin matiris. Ana narkar da HCCA ne miligiram 10 a mililita, cikin asetonitril kashi 50, ruwa 47.5, TFA 2.5. Asetonitril yana tashi da sauri. Tub ɗin da aka bari a buɗe a benci a watan Afrilu ko Mayu, kafin a gama faranti mai gurbi 96 ruwan ya canja, ƙanƙara ta fara fitowa a gindinsa. A rufe bayan kowane layi, a ɓoye shi daga haske, kuma kada wanda aka haɗa ya wuce mako. Busasshen ɗigo mai kyau launinsa rawaya-rawaya ne bai ɗaya. In gefe ya yi zobe tsakiya fayau, a sake. Ƙurar hunturu na sauka kan ɗigo yana bushewa, don haka a kifa masa murfi, kada a sa shi gaban iskar kilim. In kuma kika ga pik a jere da tazarar dalton 44 tsakaninsu, wannan daga sabulu ne ko robar tub mai arha. Injin kansa yana son ɗaki mai sanyi da ba ya hawa da sauka, da ondilar mai ƙarfi, don in famfon zuƙar iska ya tsaya sai an yi awoyi kafin a koma aiki. Mashigar iyon ma tana tara dattin matiris, in ba a tsabtace ta kan lokaci ba siginal na raguwa a hankali ba wanda ya lura. Amma tunda Gram negatif ɗinki na haura 2.0, na fi zaton injin lafiyarsa lau, tambayar dai ba ta da tsada.

Dokta Hawwa

Zarginki kan masu tsami yana da tushe. Rumbunan nan an gina su ne galibi da ƙwayoyin majinyatan Turai da Amurka, kuma asibiti ne kasuwarsu tun da hukumar FDA ta Amurka mai kula da abinci da magunguna ta amince da na'urorin Bruker da bioMérieux a 2013. Ƙwayar da ta fito daga ƙwaryar nono a Abalak tana iya ba da sifektir mai kyau, pik masu tsini da yawa, amma maki 1.5, don kawai babu ƴar'uwarta a ciki. Saboda haka ki nemi a ba ki sifektir ɗin kansa. Mummunan sifektir matsalar shiri ce, a maimaita. Kyakkyawan sifektir mara suna shi ne abin da ya fi daraja a bincikenki.

Irin waɗannan ki tara su rukuni-rukuni bisa kamannin sifektir, ki zaɓi wakili biyu ko uku a kowane rukuni, ki karanta 16S ɗinsu, wato guntun DNA da ake gane jinsin bakteriya da shi, da firamomin 27F da 1492R, guntun da ya kai wajen tushe 1,500. Kamanni ƙasa da kashi 98.7 da duk wani sanannen jinsi alama ce ta a duba ko sabo ne. Amma 16S ba ya raba plantarum da pentosus da paraplantarum, sai recA ko pheS. Yis kuma ITS ko yankin D1/D2. Ki lura da sunaye: a 2020 an rarraba dangin Lactobacillus, plantarum ya koma Lactiplantibacillus, fermentum ya koma Limosilactobacillus, tsohon rumbu kuma yana nan da tsoffin sunaye. Candida kefyr shi ne Kluyveromyces marxianus, Candida krusei kuma Pichia kudriavzevii. Kada ki ƙirga ƙwaya ɗaya sau biyu a teburinki. Ki rubuta sigar rumbun da aka yi amfani da shi a sashen hanyoyin bincike.

Wanda aka tabbatar da sunansa ana iya shigar da shi rumbun gida a ɓangaren bincike na manhajar: cikakken shirin tub, ɗigo 8, kowanne a auna sau 3, sifektir 24 ke nan, a cire marasa kyau, a bar aƙalla 20 a haɗa su zuwa sifektir na misali. Daga nan sauran ƴan rukunin za su samu suna ba sai an biya kuɗin karanta DNA ɗin kowanne ba. Ki yi yarjejeniya a rubuce tun yanzu cewa kwafin waɗannan fayilolin zai dawo Tawa tare da lambobin ƙwayoyin da ke cikin giliserol.

Gwajin magani kuwa ba a barinsa. Akwai dabarun MALDI na gano juriya, gaskiya ne. In aka haɗa ƙwaya da meropenem na ɗan lokaci, pik ɗin maganin yana dalton 384. In akwai karbapenemaz, wato sinadarin ƙwayar da ke fasa maganin, sai ya koma 402 bayan shigar ruwa, sannan 358 bayan fitar iskar kabon. Juriyar kolistin ta mcr-1 tana ƙara dalton 123 a kan lipid A na E. coli, daga 1796 zuwa 1919, amma wannan sai injin da ke auna iyon masu caji negatif, ba kowanne ke yi ba. Duka biyun kuma ƙwaya mai rai sabuwa suke buƙata a gaban injin, tub ɗinki na etanol ba zai yi ba. Abin da za ki iya yi a Tawa ya fi su faɗi: Mueller-Hinton mai kaurin milimita 4, gaurayen 0.5 McFarland, digiri 35 na awa 18, karatu da teburin CA-SFM ko EUCAST na shekarar. Sefoksitin mikrogiram 30 ga Staphylococcus aureus, in ta jure a nemi mecA da mecC. Ga E. coli da Salmonella a jera sefotaksim da seftazidim kusa da amoksisilin mai kalavulanat a duba ko da'irar ta miƙo wajensa. Kowane zagaye a saka E. coli ATCC 25922, don fayafayan magani da suka sha zafi a hanya suna ba da ƙaramar da'ira, a ɗauka juriya ce alhali maganin ne ya mutu. Fayafayan su zauna a firigo tare da abin shan danshi, a fito da su su huce zuwa zafin ɗaki kafin a buɗe kwalbar.